Bankin da Matan Sonagachi Suka Gina

Jama'a, akwai banki a tsakiyar unguwar karuwai mafi girma a Indiya, kuma karuwan ne suka kafa shi, su ne masu shi, su ne ke zaɓen masu riƙe da shi! Da idona na gan shi. Na hau matakalarsa, na tsaya bayan layin mata masu riƙe da littattafan ajiya, wata da jariri a kafaɗa, wata da ragowar kwalliyar daren jiya a fuska, kowacce tana jiran a buga hatimi a kan kuɗinta. Tun da na dawo gida bakina bai huta ba, duk wanda ya zo yi mini barka da sauka sai ya sha labarin, to gara in rubuta shi kowa ya samu.

Aikin kiwon lafiya ne ya kai ni Kolkata, babban birnin jihar Bengal ta Yamma, can gabashin Indiya a bakin kogin Hugli. Wata abokiyar aikina 'yar garin ta kama hannuna ta ce ba zan bar birnin ba sai na ga Sonagachi. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauka a tashar Girish Park, muka bi babban titin Chittaranjan, sai ta karya kwana zuwa wani lungu, nan take duniya ta canza. Tsofaffin benaye masu hawa uku da huɗu sun matse juna, fenti ya ɓaɓɓare, wayoyin lantarki sun sarƙe a sama, an shanya zannuwan sari ta kowace taga. Ga mai shayi yana zubawa a 'yan kofunan yumɓu da ake sha a jefar, ga mai keken ɗaukar mutane yana jan kekensa da ƙafa yana buga ƙararrawa, ga yara cikin kayan makaranta suna kutsawa tsakanin ƙafafun manya. A bakin kowace ƙofa kuwa mata ne, na tsaye da na zaune. Ana ƙiyasta kimanin 10,000 ne ke wannan sana'a a 'yar unguwar nan kaɗai. Wasu daga ƙauyukan Bengal suka fito, wasu daga Bangaladash, wasu daga Nepal. Akwai 'yan Hindu, akwai Musulmi. Da yawansu zawarawa ne, ko waɗanda miji ya gudu ya bari da 'ya'ya.

A titin Nilmoni Mitra muka shiga ofishin ƙungiyarsu, Durbar Mahila Samanwaya Committee, wadda kowa ke taƙaitawa da Durbar. Ƙungiyar ta ce mambobinta sun kai 65,000 a faɗin jihar, akasari mata, da wasu maza da 'yan daudu da ke cikin sana'ar. Kafin in gama gaisuwa an tura mini kujera, an danƙa mini shayi, kowa sai Didi, Didi, wato Yaya. Wata dattijuwa mai koriyar riga irin ta ma'aikatan asibiti ta zauna kusa da ni, abokiyata tana fassarawa, ta ɗauko zancen tun daga tushe. Wallahi shayin nan a hannuna ya huce.

A 1992 ƙanjamau tana tayar wa hukumomin Indiya hankali. Aka tura wani likita mai nazarin yaɗuwar cututtuka, Dakta Smarajit Jana, daga cibiyar nazarin tsafta da lafiyar jama'a ta ƙasa da ke Kolkata, ya je ya duba halin da unguwar ke ciki, da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya tarar mai ban tsoro ne: masu amfani da kwaroron roba ba su kai 3 cikin 100 ba, ciwon sanyi da tunjere sun yi katutu. Shi kuwa mutum ne da ya ƙware a kan cututtukan da ma'aikata ke ɗauka a wurin aiki, don haka da wannan idon ya kalli lamarin. Bai zo da wa'azi ba, bai zo da keken ɗinki ya ce kowa ta tuba ta koyi sana'a ba. Ya buɗe ɗan ɗakin shan magani a cikin unguwar, ya ɗauki mata 12 daga cikinsu, aka koya musu yadda cutar ke yaɗuwa, aka ba su koriyar riga da allon hotuna da ɗan albashi, aka ce su shiga gida-gida su yi wa 'yan uwansu bayani da harshen da suke ji.

Suka shiga. Matan suka saurara, suka gane sarai, suka karɓi robar kyauta. Amma sai ga wata katanga da babu allon hoton da zai iya rushe ta, kuma a nan ne dattijuwar ta matso ta dafa gwiwata. Ta ce in ɗauka ni ce a ɗakin. Namiji ya shigo, ya ce shi ba ya son roba. In na ce a'a, zai saka takalminsa ya ƙwanƙwasa ƙofar da ke kusa, maƙwabciyata ta karɓe shi. Ni kuwa ga kuɗin haya, ga rabon magajiyar gida, ga na kawalin da ya kawo shi, ga kuɗin makarantar yaro a ƙauye, ga mai bin bashi zai zo da yamma. Cutar da aka ce za ta kashe ni bayan shekara takwas ko goma, da yunwar da za ta kama ɗana gobe da safe, wacce zan fi tsoro?

Wannan ba zancen baki kawai ba ne, an auna shi. Wasu masana tattalin arziki, ciki har da Vijayendra Rao na Bankin Duniya, sun yi nazari a kan matan Sonagachi suka wallafa a 2003, suka gano cewa macen da ta dage sai da roba a kowane lokaci tana asarar tsakanin kashi 66 zuwa 79 cikin 100 na abin da za a biya ta. Ku duba fa! Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigarta ne farashin kare ranta. Shekarata nawa ina raba takardun faɗakarwa ina gaya wa mata su kare kansu, amma sai a wannan ɗakin na ji an faɗi abin ƙarara: a'ar mace ɗaya ba ta da nauyi sai ta kusa da ita ma ta ce a'a, sai ta gidan gaba ta ce a'a, sai namijin ya zaga lungun gaba ɗaya ya rasa ƙofar da za ta buɗe masa a kan sharaɗinsa. Kuma ba za ta iya cewa a'a ba in babu ko sisi a ajiye da za ta ci gobe.

Daga nan ƙungiya ta samo asali. A 1995 matan nan masu koriyar riga da waɗanda suka jawo suka kafa Durbar. Suka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ana ƙulla yarjejeniya. Ba su ɗaura yaƙi da magajiyoyi da kawalai da dadirai ba tashin farko, zama suka yi da su suka nuna musu cewa mace marar lafiya ba ta kawo wa kowa ko kwabo. Sai suka juya kan masu duka. 'Yan dabar unguwa da ke karɓar kuɗi da ƙarfi da sunan gudummawar biki, kwastoman da ke more mace ya mare ta ya fita bai biya ba, ɗan sandan da ke kama mace da dare sai an fanshe ta da cin hanci ko da jikinta. Suka lura cewa duk lokacin da aka kai samame, amfani da roba sai ya faɗi, domin wadda ta rasa cinikin kwana biyu ta kuma biya kuɗin fansa ba ta da bakin zaɓen kwastoma. To sai suka ɗauki wata ɗabi'a: in an taɓa ɗaya, gaba ɗaya ake fita. A kama mace da tsakar dare, kafin gari ya waye mata sun cika ƙofar caji ofis sun zauna dirshan, ga lauya a tare da su, ga mai rubuta sunan jami'in da ke bakin aiki.

Sakamakon fa? Kafin ƙarshen shekarun 1990 masu amfani da roba sun haura 80 cikin 100. Masu ɗauke da ƙwayar cutar a cikin matan Sonagachi suka tsaya a wajen 5 cikin 100, a daidai lokacin da a unguwannin karuwai na Mumbai abin ya haura rabi. Rabi! Ƙasa ɗaya, cuta ɗaya, sana'a ɗaya. A 1999 aka miƙa wa Durbar ragamar shirin lafiyar baki ɗaya, waɗanda aka zo yi wa magani suka zama masu ɗaukar likitoci aiki. Da gidauniyar Gates ta ƙaddamar da babban shirinta na yaƙi da ƙanjamau mai suna Avahan a wasu jihohin Indiya a 2003, daga wannan lungun ta ɗebi darasi da yawa.

Yanzu bari in koma kan bankin, don shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Kafin a kafa shi, macen Sonagachi ba ta da inda za ta ajiye kuɗi. Bankunan gari suna neman katin shaida da takardar da ke nuna inda mutum yake zaune, ita kuwa mai gidan haya ba ya ba ta rasit, sau da yawa ma sunan da take amfani da shi ba nata ba ne. In ta ɓoye a ƙarƙashin katifa, samame ɗaya ya tafi da shi. In ta ba dadironta ajiya, ya sha giya da shi ko ya yi aure a ƙauye. In ta ba magajiya, lissafi ya rikice. Ranar da ciwo ya zo kuwa sai wurin masu ba da bashi da ruwa, waɗanda kuɗin ruwansu kan kai 300 cikin 100 a shekara. Bashin nan shi ne sarƙar gaske. Akwai matan da ake kira adhiya, masu raba duk abin da suka samu biyu da magajiya. Akwai na ƙasa da su, chhukri, waɗanda aka biya kuɗi a kansu, duk abin da suka samu na magajiya ne har sai sun biya bashin da ba su san adadinsa ba. Mace ba ta fita daga wannan matsayi zuwa mai ɗakin kanta sai da kuɗi a hannu.

A 1995 mata 13 suka haɗa rupi 30,000 suka ce za su kafa ƙungiyar gama kai ta ajiya da lamuni, suka sa mata suna Usha. Suka je rajista, sai jami'ai suka buɗe doka suka nuna musu cewa masu kafa irin wannan ƙungiya dole su kasance masu kyawawan ɗabi'u. Aka ba su shawarar da ake ganin ta sauƙi ce: ku rubuta cewa ku matan aure ne, a buga hatimi kowa ya huta. Suka ƙi! Suka ce ba za su fara ginin amana da ƙarya ba, kuma in sun ɓoye ko su waye a takardar farko, to kowace takarda ta gaba sai sun ɓoye. Suka yi ta sintiri tsakanin ofisoshi har maganar ta kai gaban ministan jihar mai kula da ƙungiyoyin gama kai, daga ƙarshe aka ba su rajista da sunan sana'arsu a rubuce. Da aka kawo nan a labarin, matan da ke ɗakin, waɗanda sun ji shi ba adadi, sai da fuskokinsu suka washe.

Yadda yake aiki kamar adashen 'yan kasuwarmu ne, wanda mai tarawa ke zagayawa kullum da ɗan littafinsa, sai dai wannan yana da rajista da masu binciken lissafi da rumbun ajiya. Na bi ɗaya daga cikin masu tarawar, wata budurwa da jaka a rataye, kuma yawancin masu wannan aiki 'ya'yan matan unguwar ne da suka yi karatu. Muka hau wata matakala mai duhu, ta ƙwanƙwasa, aka buɗe, mace ta zaro 'yan takardun kuɗi daga ƙullin zaninta, aka rubuta a littafinta aka rubuta a na banki, aka wuce ƙofa ta gaba. Komai ƙanƙantar abin ana karɓa. Kuɗin da da zai kwana a ɗaki ya jira mai ƙwace, ya bar ɗakin tun da rana. Daga wannan tarin ake ba da lamuni da ruwa mai sauƙi: wata ta sayi fili a ƙauye, wata ta aurar da 'ya, wata ta biya kuɗin kwaleji, wata ta fanshi kanta daga magajiya, wata ta buɗe shago ta bar sana'ar da ƙafarta ba tare da wani ya zo ceton ta ba. Mambobin Usha sun haura 20,000. Har sayar da kwaroron roba ƙungiyar ke yi da araha, ribar ta dawo asusu.

Sannan ɗan littafin nan ya yi wani aikin da ba a zata ba. Da yake yana ɗauke da suna da hoto da adireshi, kuma ƙungiya mai rajista ce ta bayar, sai hukumomi suka fara karɓar sa a matsayin shaida. Da shi mata da yawa suka samu katin zaɓe, a 2004 wasunsu suka jefa ƙuri'a karon farko a rayuwarsu. Daga ranar kuwa 'yan siyasar yankin suka san hanyar lungun da rana tsaka.

Akwai tambayar da ke ci na tun da na shigo, kuma na yi ta kai tsaye: yaran da ake sacewa daga ƙauye a kawo su nan fa? Maimakon amsa, sai aka kai ni wani ɗaki na ga abin da suke kira hukumar sa ido ta cikin gida. Tun ƙarshen shekarun 1990 suka fara kafa irinta, yanzu akwai fiye da 30 a unguwanni daban-daban na jihar. Mutum goma ne a kowacce, shida daga cikin matan, huɗu daga waje, kamar likita da lauya da kansila da ma'aikacin jin daɗin jama'a. Hikimar mai sauƙi ce ƙwarai. Ɗan sanda na iya wata bai san an kawo sabuwar yarinya ba, amma matar da ke ɗakin kusa ta sani tun a daren, ta ji kukan, ta ga an kulle ƙofa ta waje. Masu koriyar riga suna shiga kowane gida kullum. Duk sabuwar fuska sai an kawo ta gaban hukumar, a keɓe ta daga wanda ya kawo ta, a tambaye ta daga ina, wa ya kawo ta, ta san aikin da ta zo yi, shekarunta nawa. In ta ce ta kai 18 amma ido bai yarda ba, sai a kai ta a ɗauki hoton ƙashi likita ya ƙiyasta. In yarinya ce, ko babba ce amma yaudarar ta aka yi da alƙawarin aikin gida ko aure, ba za ta kwana a unguwar a matsayin mai sana'a ba. A mayar da ita gida in gidan zai karɓe ta lafiya, ko a miƙa ta ga hukumar kula da yara. Bisa alƙaluman da Dakta Jana da abokan aikinsa suka wallafa, 'yan ƙasa da shekara 18 sun kai kashi 25 cikin 100 na matan unguwar a 1992, zuwa 2011 sun dawo wajen kashi 2.

Ba kowa ne ya yarda da wannan hoto ba, kuma ba zan ɓoye muku ba. Akwai 'yan gwagwarmaya a Indiya, irin su Ruchira Gupta ta ƙungiyar Apne Aap, da ke ganin karuwanci kansa zalunci ne da ba ya gyaruwa, kuma kiran sa sana'a wanke masu cin moriyarsa ne. Masu suka suna cewa akwai magajiyoyi a cikin Durbar, to ta yaya mai cin rabin kuɗin mace za ta zama mai kare ta? Suna cewa alƙaluman robar daga bakin matan aka ji su, kuma akwai ɗakunan da mai koriyar riga ba ta isa ta leƙa ba. Maganarsu tana da nauyi. Ni ma na ga idanun da ba su yi mini kama da na wadda ta zaɓi komai a rayuwarta ba. Sonagachi wurin wahala ne, talauci ne ya cika shi da mata, babu kuma uwar da na gani a can da ke fatan 'yarta ta gaje ta.

Ni Musulma ce, na san hukuncin zina, ban je Kolkata na dawo da wani sabon hukunci ba. Amma na san hukuncin kisa, da na fyaɗe, da na ƙwace, da na cin dukiyar mai rauni, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce waɗannan sun halatta in dai a kan karuwa aka yi su ba. Abin da matan nan suka tashi a kansa ke nan: kada a doke su, kada a sace musu kuɗi, kada a sa musu cuta, kada a kori 'ya'yansu daga makaranta, kada a kawo ƙaramar yarinya cikinsu. An shafe shekaru ana kai samame ana kwashe mata a zuba a gidajen gyara hali a kulle, su fito da sabon bashi su koma inda suka fito. Abin da ya rage cutar, ya rage yaran, ya sa wasu suka samu hanyar fita, shi ne ranar da aka bar su suka riƙe al'amarinsu da hannunsu. Wannan na gani, kuma a kansa na tsaya.

Mu ma a ƙasar Hausa mata masu zaman kansu ba su taɓa zama babu shugabanci ba. Magajiya tsohuwar sarauta ce, ita ke shiga tsakaninsu da hukuma, ta sasanta rigima, ta tara gudummawa in an yi rashi ko ciwo. Sai dai mun san abin da kan biyo baya in ruwan sama ya yi jinkiri ko annoba ta shigo gari: su ake fara kora, ko a ba su wa'adin aure, mazan da ke zuwa wurinsu kuwa suna cikin masu rakiya da jifa. Abin da Durbar ta ƙara a kan irin wannan tsohon tsari shi ne ƙuri'a da littafin lissafi da lauya, ta yadda kariyar mace ba ta rataya a kan halin mutum ɗaya ba.

Da suka ji ƙarfinsu sai suka fito fili. A Nuwamban 1997 suka kira taron ƙasa na farko na masu wannan sana'a a Kolkata, dubbai suka hallara, takensu shi ne da guminsu suke ci, don haka haƙƙin ma'aikaci suke nema. Ranar 3 ga Maris 2001 suka tara kimanin mutum 25,000 a wani gagarumin biki duk da ƙoƙarin da aka yi na hana su izini, kuma ranar ce ƙungiyoyi irin nasu a duniya ke tunawa da ita duk shekara. A 2012, da aka shirya babban taron ƙanjamau na duniya a Washinton alhali dokar bizar Amurka tana hana masu wannan sana'a shiga, sai suka buɗe nasu taron a Kolkata a makon, baƙi suka zo daga ƙasashe fiye da 40.

Wani abin kuma da ya taɓa ni, ko da yake ba addinina ba ne. Bikin Durga shi ne babbar sallar 'yan Hindu na Bengal, kuma dab da Sonagachi unguwar Kumartuli take, inda magina ke ƙera gumakan bikin da yumɓu. A al'adarsu akan haɗa yumɓun da ƙasar da aka ɗebo daga bakin ƙofar karuwa. Ƙasar ƙofarta tana da tsarki, ita kuwa in ta je rumfar biki a kore ta! Da suka nemi kafa tasu rumfar 'yan sanda suka hana, suka garzaya Babbar Kotun Kolkata, a 2013 suka yi bikinsu na farko da izinin alƙali.

Kotu kuwa sun san hanyarta har ƙoli. A 1999 wani mutum mai suna Budhadev Karmaskar ya kashe wata mai wannan sana'a a Kolkata, ya yi ta buga kanta da ƙasa da bango har rai ya yi halinsa. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai, ya ɗaukaka ƙara. A Fabrairun 2011 Kotun Ƙolin Indiya ta kori ƙararsa, amma maimakon ta rufe fayil ɗin sai ta mayar da shi bincike a kan rayuwar irin waɗannan mata a ƙasar baki ɗaya, daga baya ta kafa kwamiti, ta sa Durbar da Usha a ciki. Ku ji fa, waɗanda aka ce ba su da ɗabi'ar da za a yi musu rajista, ga su suna ba Kotun Ƙoli shawara! Da korona ta zo aka kulle gari, ciniki ya tsaya cak, ta wannan shari'ar Durbar ta shigar da koke, a Satumban 2020 kotu ta umarci jihohi su ba su hatsi ba tare da neman katin shaida ba. Koronar ce kuma ta ɗauke Dakta Jana a watan Mayun 2021. Hotonsa na nan a ofishin, matan ba sa ambaton sa sai muryarsu ta canza.

Shekara guda bayan rasuwarsa, ranar 19 ga Mayu 2022, alƙalai uku ƙarƙashin Mai Shari'a Nageswara Rao suka ba da umarnin da aka daɗe ana jira. A ba su katin shaida na Aadhaar ko da babu takardar adireshi. In an yi wa ɗayarsu fyaɗe a ba ta kulawar asibiti kamar kowace mace. 'Yan sanda su daina zagi da duka da tilasta musu kwanciya. 'Yan jarida su daina nuna fuskokinsu a lokacin samame. A binciki gidajen gyara hali don a saki manyan matan da ake tsare da su ba da son ransu ba. Kada a sake ɗaukar kwaroron roba da aka samu a jakar mace a matsayin shaidar laifi. Wannan na ƙarshen ya sa tsigar jikina ta tashi, domin shekara talatin ana roƙon mace ta riƙe abin da in an kama ta da shi zai zama hujja a kanta.

Amma gwamnatin tarayya ta ja da baya a kan wasu shawarwarin kwamitin, ciki har da na hana kama matan a lokacin samame da na hana raba uwa da ɗanta saboda sana'arta kawai. Tsohuwar dokar Indiya ta 1956 kan karuwanci ma tana nan daram. Ba ta haramta wa babbar mace sana'ar kanta ba, amma ta haramta buɗe gidan karuwai, ta haramta kiran kwastoma a fili, ta haramta cin abin da aka samu daga sana'ar.

Wannan sashe na ƙarshen ne wani saurayi ya tsayar da ni a kansa a bakin matakala. Ɗan ƙungiyar Amra Padatik ne, wadda 'ya'yan matan suka kafa da kansu don su daina ɓoye sunan unguwarsu a makaranta. Durbar tana da gidan kwanan ɗalibai a Baruipur, kudu da birnin, da makarantar ƙwallon ƙafa, shi ma a can ya taso. Ya ce an rubuta sashen ne don kawalai, amma yadda aka tsara shi, duk wanda ya haura shekara 18 yana ci daga kuɗin, da saninsa, ana iya ɗaure shi har shekara biyu. Shi yana kwaleji, mahaifiyarsa ke biyan kuɗin, daga asusunta na Usha. Kakarsa a ƙauye da kuɗin take sayen magani. A takarda dai, shi da tsohuwar duk masu laifi ne. Soke wannan sashe na cikin manyan buƙatun da Durbar ke kai wa majalisar dokoki a Delhi, kuma yanzu 'ya'yan ne ke rubuta takardun koken, su iyayen su sa hannu.